Aljihun Ciki na Usta Dafa'alla

Duk ɗan Sudan da ya sauka unguwar Faisal a Alƙahira, kafin ya san inda ake sayar da busasshiyar kuɓewa, wani zai ce masa ya je wurin tela Usta Dafa'alla a yi masa aljihu. Shagon wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene: keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya, sai fanka mai juyawa ran da ta ga dama. Yakan ɗinka riga in an kawo yadi, amma abin da ya yi suna a kai shi ne aljihun ciki. 'Yar jaka ce ta ƙyalle mai kauri da yake dasawa a cikin wando ta wajen mara, ko a ƙarƙashin hammata, ya yi mata shafi biyu yadda reza sai ta sha wahala kafin ta ci. Kuɗin aikin ba wani abu ba ne. Tsadar tana wurin wa'azin da ake haɗa maka da shi, don ba ka isa ka karɓi wandonka ka juya ba sai ka saurara har ƙarshe.

Wa'azin kuwa ba ya canzawa. Kada ka tsaya bakin ƙofar metiro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, nan ake fizge waya ƙofa na rufewa. Wanda ya taka maka ƙafa ka yafe masa, amma hannunka na kan aljihu. In an zuba maka miya a riga, wani ya taso da hankici zai goge maka, ka ce ka gode, ka tafi da miyarka gida. Duk wannan sharar fage ne. Babbar dokar, wadda sai ya ajiye almakashi yake faɗin ta, ita ce kada ka yarda kowa ya rungume ka a kasuwa, ko da ya rantse uwarku ɗaya.

Nan ne mutane suke ɓata fuska, don ya taɓa mu inda yake mana ciwo. Mu gaisuwarmu ba ta yatsa ba ce. Sai ka dafa kafaɗar mutum, ya dafa taka, ku yi musafaha, in an kwana biyu ba a haɗu ba a rungume juna, a tambayi gida da yara da maƙwabta, a sake dafa kafaɗa a koma farko. 'Yan sanen kasuwar Ataba sun karance mu tsaf. Sun koyi cewa "ya zol", yadda muke kiran juna, da irin harshenmu, sun koyi dafa kafaɗar, sun kuma gane cewa ɗan Sudan gara ya mutu da ya ce wa mai gaishe shi bai gane shi ba. Yana can yana lalube a ƙwaƙwalwa ko ɗan wace gwaggo ne wannan, su kuma suna lalube a aljihu.

Dafa'alla ba labari ya ji ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya zo daga Umdurman bayan rasuwar matarsa, da niyyar ya yi shekara ɗaya ya huce ya koma. Kwanansa shida a gari, kewa ta cika masa ciki, wani dogo ya tare shi a Ataba da fara'a, ya dafa shi, ya rungume shi. Dafa'alla har da tambayar lafiyar mahaifiyar mutumin, don kada ya ba shi kunya. Sai da ya isa masauki ya ga gefen rigarsa a tsage, babu fasfo. Shekara biyu ya yi yana zaryar neman sabo, yana ɗinki a bayan shagunan mutane, in ya hango mai kaki, ko da mai gadin banki ne, sai ya canza hanya. A cikin shekarun nan biyu mahaifiyarsu ta kwanta ciwo, ta yi ta kiran sunansa, ta rasu, aka binne ta yana riƙe da waya a kunne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bai sake rungumar ɗan Adam ba. Gaisuwarsa ta koma miƙa yatsu huɗu, hannun hagu na dafe da ƙugu.

Ni'imat mai shayi, wadda take kafa teburinta a bakin shagon, ita ce ba ta raga masa. Bazawara ce 'yar Madani, bakinta ya fi shayinta zafi. Takan ce wa masu jira a benci, an ce likkafani ba shi da aljihu, to su bari Usta ya mutu su gani, nasa har da zik za a binne shi. Shi kuma ya ce ta yi ta dariya, ai ita ma wayarta tana kwance ne a aljihun da ya ɗinka mata. Haka suke kullum.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum, Faisal ta cika da mutanenmu har ka rasa inda za ka sa ƙafa, aiki ya yi wa Dafa'alla yawa. Amma hankalinsa na wurin mutum ɗaya. Yayansa, Ustaz Hamadnil, wanda ya shekara talatin da huɗu yana koyarwa a firamare a unguwarsu ta Wad Nubawi, shi kaɗai ya rage masa cikin waɗanda suka sha nono ɗaya. Ustaz ya fita daga Umdurman da jaka ɗaya, ya sauka wurin 'yarsa da ke aure a Bur Sudan, ɗaki biyu, mutum goma sha huɗu. Wata uku Dafa'alla yana roƙonsa ta waya ya zo, ga ɗaki, ga asibiti, ga ɗan'uwa. Ran da ya sauka daga jirgin ƙasan Aswan, tasha ta cika maƙil, Ustaz ya buɗe hannuwa zai rungume shi. Dafa'alla ya ja baya ya ce, "Yaya, jakarka tukuna, nan ba wurin tsayawa ba ne." Ustaz ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

Abin da Dafa'alla yake so a duniya bai wuce ɗaya ba, wato Yaya ya zauna. Ya gaji da cin dafaffen wake shi kaɗai a kan keken ɗinki, ya gaji da buɗe ƙofa ya yi sallama babu mai amsawa. Zaman kuwa ba ya yiwuwa sai da hatimin izinin zama a fasfo, kuma da suka je ofishin aka ba su rana, wata bakwai nan gaba. Ga shi dole a riƙa fita da fasfon, da 'yar takardar ranar a ciki, don ba ka san inda za a tare ka a tambaya ba. Wata bakwai ke nan zai yi yana yawo a Alƙahira a jikin mutumin da bai taɓa kulle ƙofar gidansa ba.

Kuma a wace riga? Rigar Ansaru, irin ta kakanninsu, wadda ba ta da gaba ba ta da baya. Aljihu a ƙirji, aljihu a gadon baya, ta ko'ina ka zura kai ta zauna daidai. An ce mutanen da sun yi ta haka ne don in an buga gangar yaƙi kada mutum ya tsaya neman gaban riga. Ustaz yana da guda uku, farare fes, bai san wata sutura ba. Abin da ya sa a ƙirji jiya, in ya zura rigar da safe sai ya koma bayansa, yana tafe yana gaishe da jama'a, fasfo na leƙowa tsakanin kafaɗunsa. Ran da Dafa'alla ya fara hango haka a kan titi sai da ya ruga ya tura fasfon ciki.

"Yaya, wannan ba aljihu ba ne, akwatin sadaka ne."

"Kakanka da ita ya je yaƙi, ko allura bai yar ba."

"Kakana bai taɓa hawa metiro ba."

Rigar ma da sauƙi, gaisuwar ce babbar masifa. Daga gida zuwa shago tafiyar minti biyar ce, Ustaz sai ya yi awa. Duk wanda ya gani da rawani ko takalmin fata irin namu sai ya tsaya, a dafa, a rungume, ya tambaye shi ɗan wace unguwa ne, wace makaranta ya yi. Ya ce yaran da suka bi ta hannunsa sun fi dubu biyu, yaƙi ya watsa su, ba zai yiwu a ce babu ko ɗaya a garin nan ba, kuma ba zai wuce ɗalibinsa a hanya kamar bai san shi ba. Dafa'alla na biye da shi a baya, ido a kan aljihu, yana haɗiyar takaici.

A sati na uku abin da ake gudu ya faru. Wani ya rungume Ustaz a bakin masallaci bayan Juma'a, ya yi masa gaisuwa har da tambayar mutanen gida, waya ta tafi. Allah ya taimaka ranar fasfon yana aljihun baya. Dafa'alla ya ji haushin wayar, amma can ƙasan ransa ya ɗan ji sanyi, ya ce yau dai Yaya ya gani da idonsa. Ina! Ustaz ya zauna a benci ya kurɓi shayin Ni'imat, ya ce ƙila bawan Allah ya fi shi buƙata. Ya ƙara da cewa, ko wane ne ya koya wa mutumin gaisuwa, ya koya masa da kyau, ko kuskure ɗaya bai yi ba. Ranar allura uku Dafa'alla ya karya.

Ya zauna ya yi wa wandunan Yaya aljihun ciki, mafi kyau da ya taɓa ɗinkawa, shafi uku, maɓalli biyu. Ustaz ya jujjuya wandon ya yaba ɗinkin, sannan ya tambaya, in ɗan sanda ya ce ya nuna takarda, tazuge zai kwance a tsakiyar titi, shi mai shekara sittin da tara? Bayan kwana biyu Dafa'alla ya duba, ya tarar da dabino a ciki. Sai ya faki idonsa ya ɗinke bakin aljihu ɗaya a kowace riga, don dai a san inda gaba yake. Ustaz ya aro wuƙar Ni'imat ya farke abinsa zare bayan zare. Dafa'alla ya yi masa wa'azin nan na shago har sau ba adadi, da lallashi, da faɗa, da labaran mutanen da aka yi wa, har da nasa. Ustaz yana saurara da irin haƙurin da ake sauraron yaron da ya haddace karatu, in ya gama ya ce masa Allah ya yi albarka.

Ni'imat ta ce ya ƙyale dattijo ya sha iska, hali zanen dutse ne. Dafa'alla ya ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma in fasfon nan ya ɓata ba ita za ta yi shekara biyu tana ɓuya ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, duk garin nan ana jin maganarsa. Mutane daga unguwar Ain Shams mai nisa suke hawo mota su zo ya koya musu yadda ake tafiya a kasuwa. Mutum ɗaya da yake yi dominsa, shi ne ya mai da shi abin dariya.

A wata na huɗu ya kasa jurewa, ya ce a ba shi fasfon ya riƙe, duk inda za a je su je tare. Ya shirya wa gardama, amma Ustaz ya zaro shi ya miƙa masa kawai.

"Ran da na kai ka makaranta ni na riƙe maka allonka, don kada ka yar," in ji shi. "To, zamani ya juya. Riƙe."

Dafa'alla ya ji maganar har cikin ƙashinsa, amma ya karɓa. Wata uku ya yi da fasfo biyu a mara, ba ya iya sunkuyawa sosai, har tafiyarsa ta canza. Duk inda Yaya zai je sai ya rufe shago ya raka shi, masu wanduna suna jira suna tsaki. Ustaz da ya ga haka sai ya rage fita, ya koma zama a benci yana kallon titi. Dafa'alla ya lura, bai ji daɗi ba, amma ya ce wa kansa saura kaɗan.

Ranar ta zo. Suka yi sammako, suka bi layi tun rana ba ta yi zafi ba har ta take, daga wannan taga zuwa waccan. Wajen azahar aka miƙo fasfon da hatimi a ciki, tawadar ma ba ta gama bushewa ba. Dafa'alla ya kalli hatimin nan ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka. Ya miƙa hannu zai karɓa ya adana, Ustaz ya ce a'a, yau dai zai koma gida da takardarsa a jikinsa kamar kowane baligi. Ya jefa shi a aljihun ƙirji. Farin ciki ya sa Dafa'alla ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ƙyale. Har ma ya ce su biya ta Ataba, zik da zare sun ƙare masa, daga nan su sha ruwan rake.

Ataba kuwa bayan azahar ba a cewa komai. Masu takalma sun baza a ƙasa, masu riguna suna ihu a kan tebur, masu turin kaya suna ratsawa, kafaɗa na gugar kafaɗa. Tun daga bakin metiro Dafa'alla ya fara da-na-sani. Wahalar wata bakwai tana can a buɗaɗɗen aljihu, kanta a waje, kuma a daidai kasuwar da aka yanke shi. Ya manne wa Yaya ta dama, ido na yawo.

Shi ya fara hango mutumin. Siriri ne, ya rame har wuya ya fito, da wata tsohuwar shat da silifas, babu rawani babu komai da zai nuna namu ne sai fata. Ya tsaya cak a cikin jama'a yana kallon Ustaz, sannan ya ratso kai tsaye. Ya dafa kafaɗar Ustaz, ya faɗa jikinsa ya ƙanƙame shi, kafaɗunsa na rawa. Dafa'alla ya ga hannun mutumin a kan ƙirjin Yaya, daidai bakin aljihu. Har da kuka, ya ce a ransa, sun ƙaro sabon salo. Ya damƙi hannun ya murɗe shi baya, ya ɗaga murya ya faɗi kalma ɗaya.

"Ɓarawo!"

A Ataba ba a maimaita wannan kalma. 'Yan kasuwar sun gaji da masu kore musu ciniki, kullum a shirye suke. Kafin ƙiftawar ido mai takalma ya sauke masa mari, wani ya shure shi ta baya, wani ya zo da sandar rataye riguna. Mutumin ya faɗi, shat ɗinsa ta yage, bakinsa ya fashe. Sai ga Ustaz Hamadnil, dattijo mai ciwon gwiwa, ya zube a kansa ya lulluɓe shi da farar rigar nan, yana cewa su bari, su bari don Allah, ɗansa ne. Sanda ɗaya ma a bayansa ta sauka.

Aka ja baya. Mutumin ya ɗago, jini na bin haɓarsa, ya ce a hankali, "Ustaz, ni ne Ɗaifur. Aji shida, bencin bakin taga."

"Na gane ka tun kafin ka iso," in ji Ustaz. "Kai ne mai cin alli."

Ɗaifur ya yi wata 'yar dariya da fasasshen baki. Sai wani daga baya ya ce a kira 'yan sanda su raba gardama. Fuskar Ɗaifur ta canza nan take. Ya zame daga hannun Ustaz, ya miƙe, ya kutsa cikin jama'a da silifas ƙafa ɗaya, kansa a sunkuye, yana bin jikin rumfuna. Dafa'alla ya san wannan gudun. Gudun wanda ba shi da takarda ne, shi ma ya yi shi shekara biyu.

Da a nan abin ya tsaya, da ƙila an gyara. Amma da Dafa'alla ya sunkuya zai ɗaga Yaya, hannunsa bai je ga hannun Yaya ba. Aljihun ƙirji ya fara shafawa. Fasfon yana nan, ko motsi bai yi ba. Ustaz ya kalli hannun, ya kalle shi, ya dafa ƙasa ya tashi da kansa.

Kwana goma sha biyu suka yi suna neman Ɗaifur. Dafa'alla ya rufe shago, suka taka Ataba lungu-lungu, suka je unguwar Ardul Liwa, suka je duk gidan shayin da mutanenmu ke zama. Shi da ba ya tsayawa da baƙo, ya koma tare mutane a hanya yana kwatanta wani siriri mai fasasshen leɓe. Wani ya ce ya taɓa ganinsa yana dako a kasuwar kayan lambu, wani ya ce ta hamada ya shigo, matarsa ta rasu a hanya. Wanda ya san inda yake kwana kuwa babu, ko kuma akwai amma labarin ya riga su isa, ba mai son nuna wa telan da ya sa aka dake shi.

Ustaz bai yi masa faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona shi. Da ma ya zage shi, da ya samu abin mayarwa, don yana da hujja cike da baki. A wurin Ni'imat yake zazzage ta. Cikin masu runguma goma a Ataba, tara ɓarayi ne, ƙarya ya yi? Ba a sace wayar ba? Hannun ba a kan aljihu yake ba? Da ɓarawon ne fa, da yanzu wa ake zagi? Ni'imat ta bar shi ya gama, tana jujjuya cokali a kofi. Wannan karon ba ta yi masa ba'a ba.

"Gaskiyarka ce, Usta, ba wanda ya ce ba ka da gaskiya," ta ce. "Sai ka kai ta gida ku ci tuwo tare."

Ranar ta goma sha uku, bayan sun karya, Ustaz ya naɗe rigunansa uku ya sa a jaka. Ya ce ya yi magana da 'yarsa, za su matsa masa wuri. Dafa'alla ya shiga roƙo. Ya tuna masa hatimin, wata bakwai, layin da suka bi, maganin gwiwa, ɗaki biyu mutum goma sha huɗu. Ya ce zai daina bin sa, zai daina wa'azi, ya sa fasfon a kan rawani ma in ya ga dama.

"Garin da in na rungumi ɗalibina sai an fasa masa baki, ba zan iya tsufa a cikinsa ba," in ji Ustaz.

"Ba garin ba ne, Yaya. Ni ne."

"Na sani. Amma ni na san yaron da na raka tasha shekara goma sha ɗaya da suka wuce, sai da aka ɓamɓare shi daga jikin Inna. Garin nan ne ya karɓe shi. Ka yi ƙoƙari a kaina, Dafa'alla, Allah ya saka maka. Ni dai ba na so in zauna har in koyi abin da ka iya."

Ba abin da Dafa'alla bai faɗa ba bayan wannan, har ya sa Ni'imat ta sa baki, amma jakar ba ta koma ɗaki ba. Da la'asar ya raka shi tashar jirgin Aswan, wadda ya tarbe shi a cikinta. Jama'a kamar ranar, masu dako na ture mutane, mata na jan yara da akwatuna. Ya samo masa wurin zama kusa da taga, ya ɗora jakar a sama, ya ɗaure hannunta da igiya a jikin ƙarfe. Fasfon yana aljihun ƙirji, kansa a waje. Ya gani, ya haɗiye.

Suka sauko bakin ƙofar tarago. Ustaz ya dafa kafaɗarsa, ya buɗe hannuwa. Wannan karon Dafa'alla bai ja baya ba. Ya shiga jikin yayansa, ya ji ƙamshin sandal ɗin nan na gidansu, ya ji ƙasusuwan bayan dattijo ta cikin riga, kuka ya ƙwace masa irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne Inna. Ustaz ya daɗe yana bubbuga bayansa. Aka busa usur, ya hau.

Dafa'alla ya tsaya har jirgin ya ɓace, mutane na bangazarsa ta ko'ina. Sai da ya zo share fuska ya ga hannunsa na hagu ba ya kusa. Yana can dafe da ƙugu, a kan aljihun ciki, inda ya saba zama, kuma tun da suka sauko daga tarago yake wurin. Da hannu ɗaya ya rungumi Yaya. A cikin aljihun kuwa babu komai sai makullin shago, don nasa fasfon ma ranar a gida ya manta shi.